Malamin Turanci a Samarkand

Samarkand, Uzbekistan

Maman Farida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe min da Iya da Farida.

Na sauka lafiya. Sai dai da na shiga makarantar, shugabar ta tsaya tana leƙa bayana, ko akwai wani mai shigowa. Ashe iyayen yara sun sa rai Bature za a kawo musu, sai ga mutumin Gazara da hularsa. Ta ce za a gwada ni zuwa ƙarshen zango. In iyaye ba su gamsu ba, sai gida.

Yaran nan ko tari ba sa yi a aji. Ni da na saba da hayaniyar 'yan makarantar Ikara! Amma mai gidan da nake haya, Dattijo Anwar, mutumin kirki ne. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasu, da hannu muke hira, ga shayi ba ya yankewa.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Shamsuddeen

Gazara, Makarfi

Baban Farida,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai kewarka.

Iya ba ta huce ba. Ta ce wanda ya bar gonar rake ya tafi ƙasar da ko sunanta ba ya faɗuwa a baki, shi ya jiyo. Hedimastan Ikara kuma ya aiko, wai ba su sa kowa a gurbinka ba. Ban ba shi amsa ba. Ni dai ban ɗinka maka rigunan sanyi don ka dawo da su sababbi ba. Ka bar ɗaure wa yaran fuska, na san ka in kana jin tsoro.

Allah ya dafa maka.

Samira

Samarkand

Maman Farida,

Sallama da gaisuwa. Zauna ki sha labari.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba, na fito fili ina ta kallon sama, sai santsi ya kwashe ni, na zube a gaban ajina. Dariya kamar su shiɗe. Wani yaro ya miƙo hannu, ya ce da Turanci, "Malam, ka mutu?" Na ce, "Saura kaɗan!" Daga nan baki ya buɗe. Kowa na so ya koya min tafiya a kan ƙanƙara, na ce ba na jin koyarwa sai da Turanci. Yanzu sai na roƙe su su yi shiru.

Jiya aka yi taron iyaye. Wata uwa ta tashi ta ce ɗanta ya dame ta da Turanci har wajen cin abinci, kada a kuskura a canza malami. Shugabar ta ce in ci gaba da aikina, kuma makaranta za ta nema muku biza, ke da Farida.

Ku fara shiri. Ki lallaɓa min Iya.

Mijinki,
Shamsuddeen

Gazara

Baban Farida,

Alhamdu lillahi! Farida har ta gama yi wa 'yan unguwa ban kwana.

Iya ba ta buƙatar lallaɓawa. Liman ya gaya mata ƙasar manyan malaman hadisi ce ka je. Yanzu cewa take ita ta ba ka shawarar tafiya. Ta kuma ce in sanar da kai ka nemi gida mai ɗaki uku, don jiya Kawu Lado ya kai ta Kaduna, ta ɗauki hoton fasfo.

Sai mun iso.

Samira