Iya, Ɗanki Ya Kori Baƙonki da Lasifika

Zuwa ga mahaifiyata, Iya Hajara, a makwancinki na bayan ganuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Asabe, autarki. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, balle yanzu. Duk da haka zan kai takardar nan a buga a jarida, don abin da zan faɗa miki a bainar jama'a aka yi shi, da lasifika, ni ma kuwa ba zan yi raɗa ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarki. Soja sun ce za su koma bariki, birni ya cika da 'yan siyasa, ɗanki Yaya Sani kuma ya ajiye aikinsa na malamin gona ya fito takarar majalisar jiha. Bana har mu mata za mu jefa ƙuri'a. Da kina nan da kin riƙe haɓa kin ce, "To, ranar wa zai tuƙa tuwo?"

Tunda namiji ba ya shiga gidan mutane, ni na zama ƙafarsa. Ina tashi daga makaranta sai in wanke allin hannuna, in yafa mayafi, in bi lungu lungu ina sallama. Na faɗa wa mata cewa Yaya zai tsaya a soke haraji da jangali. Na ce zai sa a ƙara wa manomi kuɗin auduga, a kafa masaƙa a nan, a daina wucewa da audugarmu a jirgin ƙasa muna kallo. Na ce kuɗin ƙaramar hukuma a fili za a riƙa karanta shi, kowa ya ji inda ya shiga. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, don na yarda. Ban manta ranar da aka shanya Malam, mahaifinmu, a rana saboda haraji ba, har sai da kika fitar da tasoshin jerenki.

Ashe akwai sauran magana a bakinsa da bai ba ni in kai wa mata ba.

Iya, maganar Baba Agali ce. Buzun nan da fari ya koro daga arewa shekara shida da suka wuce, raƙumansa sun mutu, matarsa ma ya binne ta a hanya. Kin leƙo daga zaure kika gan shi a gindin bangonmu, leɓensa ya tsage, kika aika masa da fura. Kwana uku bayan nan kika sa aka share masa shagon da ke jikin zaure. Da maƙwabta suka fara gunaguni, a tsakar gida kika tsaya kika ce, "Mutum ya ci tuwona kwana uku, kada in ƙara jin wani ya kira shi baƙo."

Ba ki tsaya nan ba. Kin aika wa mai unguwa ya rubuta sunansa cikin mutanen gidanmu. Tun daga lokacin, duk shekara shi ne na farkon biyan haraji a unguwa, daga ɗan abin da yake samu wajen dakon hatsi a kasuwa. Takardar shaidar biya kuwa sai ya ninke ta ya sa a wata jakar fata a wuyansa. Mutane na gudun takardar nan, shi yana murna da ita, don da ita yake wuce ɗan doka kansa a sama.

Shi ya yashe mana rijiya. Ranar da kika cika, Yaya yana Kaduna wajen kwas, Baba Agali ne ya sauka cikin kabarinki ya karɓe ki.

Juma'ar da ta wuce aka yi babban taro a Ƙofar Doka bayan la'asar. Ina can baya tare da mata, ƙarƙashin bishiya. Ƙarfen da ake ɗaura lasifika a kan mota ya karye, sai Baba Agali, ba wanda ya sa shi, ya ɗora ta a kafaɗa ya tsaya kusa da Yaya. Yaya ya yi maganar haraji, aka yi tafi. Ya yi maganar auduga, aka yi sowa. Ni kaina har guɗa na yi.

Sai Yaya ya gyara tsayuwa ya ce arzikin jihar nan na 'yan jihar ne. Wai waɗanda fari ya koro daga ƙetare sun cika kasuwa, sun karya kuɗin ƙwadago, suna cin abincin 'ya'yanmu. Wai in ya hau zai kawo doka a tantance su, duk wanda ba a nan aka yanke cibiyarsa ba ya tattara ya koma inda ya fito.

Wani ɗan hamayya ya ɗaga murya daga cikin taro ya ce, "To na zauren gidanku fa, Alhaji?" Aka fashe da dariya. Na ɗauka Yaya zai ce wannan amanar uwata ce. Na rantse miki har na buɗe baki ina jiran in ji ya faɗa. Sai ɗanki, wanda kika goya, ya ce, "Gyara daga gida ake farawa. Kafin ranar zaɓe zai bar gidan."

Iya, ta lasifikar da ke kafaɗar mutumin maganar ta fito! A kunnensa! Kuma bai ajiye ta ba. Ya riƙe har aka yi addu'ar tashi, ya naɗe waya, ya kai mota, sannan ya taho gida a ƙasa. Tir! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin na tsani muryar ɗan'uwana ba sai ranar.

Washegari da hantsi Baba Agali ya yi sallama a bakin ƙofar shiga cikin gida, inda ba ya ƙetarewa sai an kira shi aiki. Na fito na tarar ya shimfiɗa takardun harajinsa shida a kan buzun sallarsa, ya danne kowace da tsakuwa. Bai yi ƙarar kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Malama, in aka soke haraji, da me zan nuna ni ɗan garin nan ne? A bar ni in ci gaba da biya mana." Kuka ne ya ƙwace mini.

Na samu Yaya a ɗakinsa yana shan shayi. Kin san abin da ya ce? "Haba Asabe, siyasa ce. A kai shi gona a ƙauye wata biyu, in an rantsar da ni ya dawo." Wai siyasa! Kamar buhun dawa za a ɓoye wa masu awo. Na ce da shi mutumin da ya tozarta ɗan gidansu don tafin minti ɗaya, me zai hana ya sayar da mu duka in ya ga kujera? Na ce sauran baƙin da ba su da wata Asabe fa, su wa zai dawo da su bayan wata biyu? Sai ya haɗe rai ya ce shi ne mai gida tun rasuwar Malam, zaure nasa ne, ya kuma gama magana.

Da gaskiyarsa ta wannan fuskar. Muddin gidan nan a haɗe yake, maganarsa ce ke ci. Na je wajen baffanninmu, suka ce in yi haƙuri har a gama zaɓe. Na koma gidajen da na shiga a baya, ɗaya bayan ɗaya, na faɗa wa mata abin da idona ya gani, na ce kowace ta yi abin da zuciyarta ta ba ta da ƙuri'arta. Amma wannan duk ba zai hana a fitar da tabarmar Baba Agali ba.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce kuma wadda zan faɗa miki yanzu. Na nemi a raba gado.

Na sani, Iya. Na san a kan gadon jinyarki kin kama hannuna da na Yaya kika ce, "Kada ku bari a ja igiya a tsakar gidan nan." Shekaranjiya aka ja ta. Malamai suka zauna, magini ya auna daga zaure har bangon baya, unguwa kaf ta leƙo ta katanga. Kaso biyu na namiji, ɗaya nawa. Da aka auna, sai ya zama nawa ba zai haɗa zaure da ɗakinki ba, sai dai ɗaya. Yaya ya harɗe hannu yana murmushi, don ya tabbata ba zan iya rabuwa da ɗakin da aka haife ni, ɗakin da kika cika a cikinsa ba.

Na ce a ba ni zaure da shagon jikinsa, da ɗan filin da zan yi ɗaki.

Murmushin ya ɓace. Yanzu sai ya fasa ƙofa ta lungun baya, ta nan masu zuwa gaishe da ɗan takara za su riƙa shiga. Baba Agali ya zo yana roƙona in janye, wai gara ya tafi da a ce saboda shi gida ya tsage. Na ce masa ba shi ya tsaga ba, ya je ya zauna a shagonsa, ba mai ikon tashinsa yanzu sai Allah.

Jiya na kwashe kayanki. Na ɗauko tabarmar sallarki da tasbaha da ɗan akwatin nan na katako, na share ɗakin tas, na tsaya a bakin ƙofa na daɗe ban iya jawo ƙofar ba. Ranar Asabar za a fara ɗora tubali, daga nan ko rijiyar ba zan ƙara gani ba.

Amana biyu kika bar mini, Iyata, na kasa riƙe su duka. Na riƙe mai numfashi. Ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi fiye da yadda kika yalwata wa mutane zaurenki. Allah Ya shiryi Yaya, don ni har yanzu bakina bai iya yi masa addu'ar da ta wuce wannan ba. Allah Ya haɗa mu a gidan da ba a rabawa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Asabe,
daga zauren gidan Malam, cikin birnin Zariya.