Kyanwar da ke tsotson rigar Baba

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Na san mutane na kawo miki manyan matsaloli, ni kuwa ga ni da maganar kyanwa. Ki yi dariyarki ki gama, ba zan ji haushi ba, amma ki karanta har ƙarshe, don ina son amsa kafin maigidana ya koma kan hanya.

Maigidan nawa direban babbar mota ne, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba, yana wurinmu tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, jim kaɗan bayan rasuwar Inna, matarsa. Hannun hagu da ƙafar ba sa aiki, harshensa ya yi nauyi. Ni ke jinyarsa, wanka kaɗai ƙanin maigidana ke zuwa ya yi masa. Mutumin da a da in ya kama ki da hira sai girkinki ya ƙone, shi ne ya koma kallon bango. In kai abinci, ya yi loma biyu ya ture. Jikokinsa su shiga gaishe shi, ya kau da kai. A ganina, kunyar yadda bakinsa ya karkace yake ji.

Wata rana maigidan ya dawo daga tafiya, yana warware tamfol a ƙofar gida sai ga 'yar kyanwa ta faɗo tim, ba ta fi tafin hannu ba, idonta ma bai daɗe da buɗewa ba. Ashe uwarta cikin tamfol ɗin ta ɓoye ta a inda suka yi lodi, shi kuwa ya naɗe ya ɗaure ya kama hanya bai sani ba. Wurin da nisa, ba halin mayarwa. Ni ce na raine ta, ina ɗura mata madara da sirinjin ba yara magani, ina yi ina mita, don ni a rayuwata ban taɓa son kyanwa ba. Ranar da autata ta kai ta ɗakin Baba ta ba shi labarin yadda ta zo, ya daɗe yana kallonta, sannan da ƙyar ya haɗa kalmomi ya ce a kira ta Fasinja, tunda ta hau mota ba ta tambayi direba ba. Wallahi Gwaggo sai da na ajiye tsintsiya na leƙa, don tun da ya kwanta ban ji ya yi barkwanci ba sai ranar.

To ga inda matsalar take. Baba na da wata rigar sanyi ruwan toka, ta ulu, wadda Inna ta saƙa masa da hannunta, ita ce ma saƙarta ta ƙarshe. Ko zafi ake yi sai an ɗora masa ita a kafaɗa. Fasinja ta ga wurin zama. Da hantsi in na fitar da shi baranda, sai ta haye cinyarsa, ta kama bakin hannun rigar na hagu ta yi ta tsotsa, cap cap cap, tana dannawa da ƙafafunta na gaba kamar mai kwaɓa fulawa, ido a lumshe, maƙogwaro na ta kurrr. Da tana ƙarama na ce yarinta ce. Yanzu ta girma, tana cin kifi, tana kama ƙadangare, har ta kori kyanwar maƙwabta, amma kullum sai ta dawo ta sha nonon riga. Uwa guda, ba ko kunya!

Hannun rigar kullum sharkaf da yawu, ga ƙarni. In wanke, kafin ya bushe ta sake jiƙa shi. Na kore ta da tsintsiya, na watsa mata ruwa, a banza. Maƙwabciyata kuma ta zo ta ƙara mini tashin hankali, wai kyanwar da ke tsotson kayan marar lafiya sauran ƙarfinsa take zuƙewa. Ban yarda ba, amma maganar ta zauna mini a rai.

Sai na ce bari in yi mata irin yayen da na yi wa 'ya'yana. Na jiƙa maɗaci na shafe bakin hannun rigar da shi, ban gaya wa kowa ba. Tana kai baki ta yi tsalle, bakinta na kumfa, ta haura katanga. Ranar ba ta dawo ba, washegari ma shiru. Baba ya ƙi abinci ƙememe, ko ruwa sai da lallashi. Yana zaune yana bubbuga cinya da hannunsa mai lafiya, yana kiran sunanta da wannan harshen nasa mai nauyi. Can ya ɗaga hannun rigar ya sansana, ya taɓa da harshe, ya ɗago ya dube ni. Gara a ce zagina ya yi da kallon nan. Na shiga kicin na yi kuka na ƙoshi, na fito na wanke rigar har sai da ɗacin ya fita. Da ta dawo, a rame, kai tsaye cinyarsa ta nufa, a ranar ya cinye abincinsa tas.

Tun daga nan na ƙyale su. Amma abu biyu sun faru. Na farko, kwanan baya ta yi amai a bayan ƙofa, na ga zaren ulu a ciki. Na biyu, ta huda hannun rigar, saƙar ta fara warwarewa, ramin har yatsu uku na shiga. Maigidan ya dawo ya gani. Mutum ne marar faɗa, amma ya riƙe hannun rigar nan ya daɗe yana kallon ramin, ya fita, ya dawo da buhu ya rataye a ƙusa. Ya ce ranar da zai tashi zai sa ta a ciki, ya sauke ta can gaba inda ba za ta gane hanya ba. Da na fara ba shi haƙuri sai ya tuna mini ai ni ce nake damunsa a waya da ƙorafinta. Gaskiya ya faɗa.

Akwai abin da ban gaya masa ba, don kada ya ce idona ne. Rannan tana cikin tsotso, na ga yatsun Baba na hagu, ƙaramin da na kusa da shi, suna motsi cikin gashinta. Kaɗan ne, amma na gani. Hannun da mai yi masa gashin ƙashi a asibiti ke ta fama da shi, ya ce ya matsa ƙwallo ya kasa.

Gwaggo, me ke damun kyanwar nan? Yunwa ce, ko ciwo, ko wani abu ne daban? Za ta daina? In na bar ta, ina tsoron zaren ya kashe ta, rigar Inna kuma ta ƙare. In na bari aka tafi da ita, ina tsoron abin da zan gani a ɗakin Baba. Buhun nan yana nan rataye, duk wucewar da zan yi sai gabana ya faɗi.

Taki,
Surukar Baba

*

'Yata Surukar Baba,

Na yi dariyar, a wurin nonon riga, daga nan kuma ban ƙara ba. Allah ya saka miki da alheri kan jinyar nan, ba ƙaramin aiki kike yi ba.

Bari in fara kwantar miki da hankali. Fasinja ba yunwa take ji ba, ba kuma ƙarfin kowa take zuƙewa ba. Ki gaishe mini da maƙwabciyarki, ki ce ta bar wannan maganar. Kyanwar da aka raba da uwa tun ba ta isa yaye ba, sau da yawa takan girma tana neman abu mai laushi da ɗumi ta tsotsa, musamman ulu. Dannawar da take yi da ƙafa, haka 'ya'yan kyanwa ke yi a jikin uwarsu don nono ya zubo. Samun natsuwa take yi, kamar yaron da ke tsotson yatsa. Wasu kan rage da girma, wasu har tsufa ba sa bari. Kora da duka da ɗaci ba sa hana ta, tsoro kawai suke ƙara mata, mai tsoro kuwa ya fi neman abin tsotsa. Maɗacin nan kuskure ne, kin kuma riga kin biya da hawayenki, kada ki ƙara ɗora wa kanki.

Zaren da kika gani a amai, shi ne abin tsoro na gaske. Zare kan naɗe a hanjin kyanwa ya hallaka ta. Ki kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ta, ki gaya masa abin da kika gani. In ta yi ta amai, ko ta ƙi abinci, ko ta kasa kashi, ko ta yi laushi, kada ki jira gobe. In kuma kin ga zare na leƙowa ta baki ko ta baya, kada ki ja. Daga yau bakinta da ulu sun rabu.

Ba sai an raba ta da Baba ba kafin a raba ta da rigar. Ki nemo ƙyalle mai laushi mai kauri wanda ba ya zubar da zare, ki sa tela ya ɗinka miki shi kamar hannun riga, ya kashe bakinsa da kyau, guda biyu ko uku don ki riƙa canzawa. Ki bar su cikin shimfiɗar Baba su ɗauki ƙanshin jikinsa. Lokacin baranda, a zura masa ɗaya a hannun hagu, rigar Inna kuma a naɗe hannunta a cusa ta baya inda baki ba zai kai ba. In ta nemi ulu, ki mayar da bakinta kan ƙyallen a hankali, ba tsawa. Za ta yi gardama da farko, ki daure. Ki riƙa duba ƙyallen, da ya fara lalacewa ki canza. Yara su riƙa wasa da ita har ta gaji, amma ba da zare ba. A rage mata kaifin farce, kuma kullum ki duba fatar hannun Baba, tunda ba lallai ya ji ba in ta karce shi. Maganar yatsun nan kuwa, ki gaya wa mai yi masa gashin ƙashi. Ban yi miki alkawarin hannun zai tashi ba, wannan sanin Allah ne sannan masu aikin, amma abu ne da ya kamata su sani.

Yanzu maigidanki. Kada ki ɗauke shi marar tausayi. Mutumin da ya riƙe hannun riga yana kallon rami, ba kyanwa yake gani ba, saƙar mahaifiyarsa yake gani tana warwarewa, kuma ya san babu mai saƙa wata. Yana da gaskiyarsa. Don haka kafin ki buɗe baki, ki fara kai rigar wurin mai saƙa ta kama ramin, ki ɗora masa ita a hannu a gyare. Sannan ki ce masa ƙorafin da kika yi a waya kin janye, ki faɗa masa ranar da Baba ya ƙi abinci, da dalili. Kada ki tsaya dogon bayani kan yatsu. Ki roƙe shi ya zauna a baranda da hantsi, ya yi shiru, ya kalli hannun mahaifinsa da idonsa.

Abu ɗaya ya dame ni a wasiƙarki. Ke kin yanke, maigida ya yanke, har maƙwabciya ta sa baki, amma ban ji inda aka tambayi Baba ba. Harshensa ne ya yi nauyi, hankalinsa na nan, mai raɗa wa kyanwa Fasinja ba ruɗaɗɗe ba ne. Riga tasa ce, saƙar marigayiyar matarsa ce, cinyar ma tasa ce. Ku durƙusa gabansa ku biyu ku tambaye shi, ku ba shi lokaci ya gama haɗa maganarsa, kada wani ya ƙarasa masa.

In duk da haka maigida ya miƙa hannu ga buhun, ki tuna masa a hankali cewa motarsa ta taɓa raba kyanwar nan da uwarta, wancan karon bai sani ba, babu mai ganin laifinsa. Wannan karon yana sane zai yi, kuma shi zai tafi kan hanya, tsohon da zai bari yana bubbuga cinya a baranda mahaifinsa ne. Ban yi zaton zai iya ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Inna, ya kai maigida ya dawo da shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki sauke buhun nan daga ƙusa ki zuba gawayi a ciki.

Gwaggonku