Gwaggo, Ashe Kaina Nake Kiwo

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Tabawa ta Sabon Maci,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwar da ta goye ta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, kabarinki a yalwace. Ni ce Rabi, ɗiyar ƙanenki, wadda kika ɗauka tun tana shekara huɗu. Mutanen gida a nan Dakoro lafiya lau. Maigidana Malam Isa yana nan yadda kika bar shi, shi da butar shayinsa. Na san masu karanta wannan a waya za su ce Rabi ta fara zance da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Su faɗa. Wurinki na saba kai ƙara, wurinki kuma zan kai albishir.

Kin dai san yadda kika bar ni. Kafin rasuwarki gwiwoyina suka ƙi, har na koma yin salla a kan kujerar roba. Malamin unguwarmu ya ce sallata ta yi, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na yarda da shi. Amma shekara biyu ke nan da tafiyarki, Gwaggo, kuma har makon jiya ban taɓa sa goshina a ƙasa na roƙa miki gafara ba. Sai dai in duƙar da kai daga zaune kamar mai gyangyaɗi. Wannan ya fi ciwon kansa ci mini rai.

A asibiti, madam ɗin da ke duba mu ta ɗora ni a sikeli, ta auna mini tansiyo, wato hawan jini, ta ce jikina ya fi ƙarfin ƙafafuna, in ban rage ba kujerar ma wata rana sai an ɗora ni a kai. Na dawo gida ina huci. Ni da ko tuwon kirki ba na ci?

Sai na tafka wauta irin tawa. Na daina karin kumallo, na daina cin tuwo, wai yunwa ta narkar da kitsen. Wata uku ina fama, ina faɗa da kowa har da kaji. Da na koma aka sake ɗora ni, sikelin bai ja baya ba, sai ma ya ɗan leƙa gaba. Na ce ko dai ya lalace, ko kuwa an yi mini sammu.

Sana'ar da kika koya mini ban bar ta ba, har yanzu ina turke raguna ina kiwo don Layya. Rannan maƙwabciyata Zali, da ta sayi rago tana son koyo, ta shigo da hantsi. Na ba ta tabarma, ni kuma ina kan kujerata a gindin itacen bedi, inda nake wuni kusa da turakun. Na shiga biya mata karatunki. A ɗaure shi wuri guda a inuwa, kada ya yi yawo. Kada a jibga masa abinci lokaci ɗaya, ɗan dusa yanzu, ɗan harawa an jima, a barbaɗa gishiri don ya ƙara marmari. Har na kawo mata maganarki yadda kike faɗinta: "Ba cika kwano ka sa rago ƙiba ba, ɗiyata, bakin da bai hutawa shi ka tara kitse."

Ina faɗa ina tauna. Idon Zali kawai na ga ya bi hannuna daga haɓar zane zuwa bakina. Na duba. Soyayyar gyaɗa ce mai gishiri na ƙulle a zanen. Gefen kujera ga gwangwanin ƙuli-ƙuli. Ƙarƙashinta ga kwanon hura da sukari da nake kurɓa tun safe. Ga ni a inuwa, wuri guda, ba na zuwa ko nan da can. Gwaggo, igiya ce kawai babu a ƙafata. Dariya ta kama ni har da riƙe ciki, can kuma ta juye kuka, baiwar Allah Zali ta rasa inda za ta sa kanta.

Ashe shekara da shekaru kaina nake kiwo, kuma da yake a hannunki na koya, kiwon ya yi kyau. Ƙosan da ake ratsowa da shi da safe, fanke, dabino, ɗanɗanon miya sau biyar, ragowar kwanon jikoki don kada a zubar da albarka, duk ban taɓa kiransu abinci ba. A wurina taɓa baki ne.

Sai na ɗauki karatun naki na juya shi. Na koma cin abinci sau uku, a zaune, a ƙaramin kwano. In na wanke hannu, kasuwa ta tashi sai wani lokacin. Madam ta ce in fara da ganye da wake kafin tuwo, don haka kwaɗon zogale ne ke shiga gaba, malmala ɗaya ta biyo baya. Hura kuwa da rana nake sha, da nono, ba sukari. Satin farko kamar ruwan wankin gero nake ji. Yanzu in aka sa sukarin ma gundura ta take yi.

Na daina ƙulli a haɓar zane. Gwangwanin ƙuli-ƙulin na sa Malam Isa ya ɗora shi can saman katangar ɗaki, inda sai na taka turmi zan kai, kin kuwa san gwiwata ba ta da wannan zumuncin.

Wuyar aikin tana bayan la'asar. Lokacin ne mai awara ke wucewa ta ƙofar gida, ƙamshin yaji ya tsallako katanga, yawuna ya tsinke. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kin sha faɗa mana muna yara, ko da yake kina faɗa kina miƙo mana alewa. Abin da na gano shi ne, kwaɗayi baƙo ne, in ba a shimfiɗa masa tabarma ba, ba ya daɗewa. Sai in sha ruwan randa moɗa guda, in tashi in share turke. In ya nace, in ɗauko goriba. Allah ya yi wa goriba albarka, sai ka yi rabin awa kana gwagwiya ba ka ci abin kirki ba, muƙamuƙi ya gaji ya ce a bar shi haka. Wani lokacin asuwaki ma ya isa.

Harawar da nake aike a sayo mini, ni na koma zuwa. Ranar farko iyakata bakin lungu, na zauna a dakalin wani gida ina haki, na juyo. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu har kasuwar dabbobi nake kaiwa in dawo da ƙafata.

Da Malam Isa kuwa sai da muka yi 'yar tsama. Shekara ashirin da wani abu ina shan shayinsa zagaye uku, da na ce ɗaya ya ishe ni sai ya ɗauka raini ne. Kwana biyu yana cika yana batsewa. A na uku na ga ya tsiyaye mini nawa a gefe tun kafin ya zuba sukari. Haka muke har yau.

Bakin mutane ne ya kusa karya ni. Da jikina ya fara sauka, a gidan suna sai a riƙa yi mini sannu da jiki. Wata ta ja ni gefe tana tambaya ko rumbunmu ne ya ƙare. Wannan duk na iya shanyewa. Abin da ya fi damuna ke ce. Na tuna ranar da kika zo ganina bayan haihuwar fari, kika tattaɓa damtsena kina murna kina cewa: "Ɗiyar da na riƙa ba ta tahiya iska na kaɗa ta." Kin sha yunwa a zamaninki, shi ya sa ƙaunarki duk a kwano take. Sai na riƙa jin kamar ina warware abin da kika ƙulla da hannunki. Na daɗe kafin na gaya wa kaina cewa lafiyata kike so, ƙibar alama ce kawai da kika sani.

Kada ki ɗauka na zama waliyyiya. Ƙawata Bafulatana ta zo daga Korahane da cuku sabon yi, na zauna na cinye uku a zama ɗaya, ina ci ina istigfari. Da a da ne sai in ce tunda an ɓata a ƙarasa. Wannan karon washegari na koma ƙaramin kwanona kamar ba a yi ba.

To ga albishirin. Zuwana asibiti na ƙarshe madam ta duba sikeli ta duba ni, ta ce in gwada sauka ƙasa a hankali, in sa abu mai taushi a ƙarƙashin gwiwa. Na yi kwana uku ina tsoro. Ranar Laraba da azahar, gidan ba kowa, na yi alwala na ture kujerar gefe, na ninka tsohon bargo na shimfiɗa a kan tabarma. Na kabbarta. Da na zo sauka gwiwoyin suka yi ƙara kamar tsohon ƙyaure, na dafa ƙasa da hannu biyu, na ci gaba. Sai ga goshina a kan tabarma, da ɗuminta da ƙamshin kabarta.

Shekara biyu ina tanadin addu'o'in da zan yi miki in wannan rana ta zo, dogaye, masu tsari. Wallahi Gwaggo ko ɗaya ban tuna ba. Bayan tasbihi abin da bakina ya iya kawai shi ne, Allah ka jiƙan Gwaggo, Allah ka jiƙan Gwaggo, ina maimaitawa hawaye na jiƙa tabarmar. Tashin ya yi wuya, sai da na dafa bango. Amma na tashi, na kuma sake sauka, har raka'a huɗu suka cika. Da na sallame na ji wani nauyi ya bar ƙirjina wanda ba sikelin da ya taɓa auna shi.

Ki yafe mini jinkirin, uwata. Ban manta da ke ba ko yini ɗaya, hanyar ce ta yi mini nisa daga kujera zuwa ƙasa.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya ciyar da ke daga abincin Aljanna kamar yadda kika ciyar da ni ba tare da gori ba. Ya bar mini gwiwoyin nan su riƙa kai ni ƙasa sau biyar a yini, in riƙa ambaton sunanki a can har ranar da zan tarar da ke. Amin.

Taki har abada,
Rabi, ɗiyar riƙonki,
daga Dakoro.