Tambari a Kan Fuskar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, a gaida Anti da yara. Mu nan lafiya, irin lafiyar da ka sani.

Likita ya gama magana a kan idon Mama. Na hagu ya tafi, na dama na bin sa a hankali, kuma ba aikin da za a yi. Da yake faɗa ban ji komai ba, tunanina yana kan ko na kashe risho kafin mu fito. A hanya ta ce abu ɗaya take so ta gani kafin duhu ya rufe, fuskar Baba.

Ka san abin dariyar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa "ɗaga haɓa, kar ka motsa," bai bar mana hotonsa ko ɗaya ba. Na zazzage akwatunan shago kaf, fuskokin mutane ne kawai. Na katin shaidarsa ma ruwa ya cinye.

To jiya tela maƙwabcinmu ya nuna min wani hoto a waya, a shafin wani gidan adana hotuna na ƙasar da kake. Wani Bature ne ya ɗauka tun ba a haife mu ba. Shagonmu ne, ga allon, ga kyamara mai ƙafa uku, ga Baba tsaye kusa da ita da hula a karkace. Sai dai sun buga tambarinsu daidai kan fuskar, kuma an ce ba ya gogewa. Ka je ka karɓo mana mai tsabta, tunda kai ne mai Turanci.

Ka huta lafiya.
Autarku

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jikin Mama da sauƙi.

Na je. Hoton yana hannunsu, amma sun ce haƙƙin mallakarsa ba nasu ba ne. Baturen ya rasu, haƙƙin ya koma kan 'yarsa, wata tsohuwa da ke zaune a wata ƙasar, inda doka ta sha bamban da ta nan. Sai an rubuta mata ta hannun lauya. Na ce musu mahaifina ne a ciki. Ma'aikaciyar ta ce min, cikin ladabi, hoto na wanda ya danna kyamara ne, ba na wanda ya tsaya ba. Ban yi musu ba, domin shi ma Baba haka yake gaya wa masu zuwa neman fim ɗinsu.

Sun bar ni na ga na ainihin, bayan sun karɓe wayata sun sa min safar hannu. Na gani. Bai lalace ba.

Don Allah kada ki sa wa Mama rai da yawa.

Wassalam,
Yayanki

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Ka ga fuskar Baba, abin da za ka iya cewa ke nan, bai lalace ba? Sai ka ce firiji ka je dubawa.

Mama ta daina gane ni daga bakin ƙofa, sai na yi magana. Kullum takan karɓi wayata ta manna a idon dama, ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, har yanzu rubutun nan na kansa?" In ce yana nan. Ta ce, "To." Ni ma in ce to, in koma wanke-wanke. Ba ta kuka, ni ma ba na yi. Ina jin kukan ne ya gaji da gidan nan.

Tela ya ce a ba shi adireshin tsohuwar ya rubuta mata da kansa, wai shi tsofaffi ba sa ƙin maganarsa. Ka matsa wa lauyan, ido ba ya jiran doka.

Sai na ji ka.
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ki yafe min shirun watannin nan.

Tsohuwar ta amince. Sharuɗɗanta uku ne: kwafi ɗaya, a gida kawai za a rataye, kuma a rubuta sunan mahaifinta a ƙasa. Ta haɗa da gaisuwa ga Mama. Ga hoton nan cikin wannan ambulan.

Ki buɗe ke kaɗai kafin ki kai mata.

Allah Ya ba ta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Salama. Ya iso.

Na buɗe ni kaɗai. Ba Baba ba ne, kai ma ka sani tun ranar safar hannu. Wani ne ya zo a ɗauke shi hoto yake jira.

Mama yanzu haske da duhu kawai take rabewa. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa, ta ce, "Sun cire rubutun?" Na ce sun cire. Ta ce, "Hular a karkace?" Na ce a karkace.

Na rubuta sunan Baturen a ƙasa kamar yadda suka ce, na rataye a ɗakinta.

Ban sani ba ko ka lura. A bayan mutumin ana hango ƙofar ɗakin wankin hoto, a rufe, da jan ƙyallen nan rataye a jikin ƙusa. Ka tuna ba ma taɓa ƙofar in ƙyallen na wurin.

Baba na ciki.

A gaida yara.
Auta