Za Su Buga Gwaggona a Kalanda da Sunan Mayunwaciya

Anti Rahamatu,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙar nan ta bi layi, domin abin da nake kuka a kai yana hannun masu ɗab'i a Shomolu, jira kawai suke a ce su buga.

Ni haifaffen Agege ne, mahaifina marigayi falken shanu ne daga Gumel. Na karanci aikin jarida, na sha zaman kashe wando har na gaji. Sai da soja suka koma bariki, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka fara dawowa Legas, sannan na samu aiki da ɗaya daga cikinsu. Ba zan faɗi sunanta ba. Aikina shi ne in nuna wa masu ba da taimako a Turai inda abinsu ya shiga. In rubuta musu labari, in aika hotuna, in tabbatar tambarinmu yana jikin duk abin da muka taɓa. Bokiti, famfo, buhun siminti, har ƙofar bayan gida sai da na manna wa sitika. Da farko dariya abin yake ba ni. Yanzu kuwa ko a jikin rigata na ga tambarin nan, wallahi ƙyama nake ji.

Kada in ci haƙƙinsu, sun yi aiki. Sun haƙa rijiyar burtsatse a bayan kwatar mahauta, inda mata masu wankin kayan ciki da masu sayar da abinci suka daɗe suna fama da ruwan 'yan garuwa. Ruwan yana nan, mai kyau ne. Amma ko shi ɗin, ana gama haɗa famfo sai aka danna masa kwaɗo, wai ba mai ɗiba sai baƙi sun iso an ɗauki hoton ɗigon farko. Mata suka yi ta wucewa ta gefensa da bokitansu suna zuwa sayen ruwa, ana jiran jirgin baƙi. Ranar buɗewa kuma aka yi ta ɗaura zare ana yankawa ana sake ɗaurawa, saboda mai ɗaukar hoto bai samu yadda yake so ba. Ni ne mai ɗaga hannu in ce jama'a a sake tafi. Duk wannan na haɗiye, na ce ai ruwa ya samu.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne maganar gwaggona. Ƙanwar mahaifina ce, zan kira ta Batulu ko da yake ba sunanta ba ne. Mijinta mahauci ne, ya daɗe da rasuwa. Yayyenta suka ce ta tattara ta koma gida, ta ƙi, ta kafa tukunya a bakin kwata: tuwo da miyar kayan ciki, shinkafa da wake. 'Yan ci-rani masu dako a kasuwar Mile 12 da direbobin Apapa in sun shigo Agege a wurinta suke ci. Wanda bai yi ciniki ba ranar ba ta hana shi, zuba masa take yi tana masa faɗa. Ni kaina da tuwonta na girma.

To, bana Madam, Baturiyar da ke shugabantar ofishinmu, ta ce za a yi kalandar sabuwar shekara, a aika wa masu ba da taimako, a raba saura a unguwa. Aka turo mai ɗaukar hoto daga can ƙasarsu. Ni da bakina na je na gaya wa matan rijiya cewa ranar Talata za a zo a ɗauke su. Anti, kin san mutanenmu. Bahaushiya ba ta tsayawa gaban kyamara da kayan aiki. Ranar Talata sai ga mata sun fito kamar masu zuwa suna: leshi, shadda, lalle, kwalli, wadda ba ta da sarƙa ta aro ta maƙwabciya. Gwaggo ta sa leshin da ta yi Sallah da shi, ta kafa ɗauri, har turare ta fesa kamar hoton zai ɗauki ƙamshi. Suka jeru a gefen famfo, ba mai ko murmushi, domin a wurinsu hoto abin natsuwa ne.

Madam ta dube su, ta dube ni, ta ja ni gefe tana tambaya ina talakawan suke. Na ce ai su ne waɗannan. Ta ce ba wanda zai buɗe jakarsa a ƙasarsu saboda matan da suka fi ta ado. Na yi iya ƙoƙarina in fahimtar da ita abin da muke kira rufin asiri, cewa mutum ya kwana ba wuta a murhunsa ya fito da wankakkiyar riga ba yaudara ba ce, mutunci ne. Ta gyaɗa kai, ta ce al'ada ce mai ban sha'awa, ta ci gaba da latsa sabuwar wayar hannunta. An dai ɗauki matan don kada a watse da kunya. Ashe washegari da sassafe mai ɗaukar hoton ya koma shi kaɗai, da dogon bakin kyamarar nan mai jawo mutum daga nesa bai sani ba.

Da aka wanko hotuna, ga wanda suka zaɓa ya zama fuskar kalanda. Gwaggo ce a tsugune a bakin kwalbati tana wanke tumbi, zaninta ya koɗe, ɗankwali ya zame, furfurarta a waje. Ta ɗago kai daidai lokacin da hayaƙin masu babbakar ganda ya cika mata ido da hawaye. Ofis gaba ɗaya sai yabo ake yi, wata ma ta ce hoton ya sa ta kuka. A ƙasansa aka rubuta da Turanci wai wannan baiwar Allah mijinta ya mutu ya bar ta, tana tsintar ragowar mahauta, ba ta san inda abincin gobe zai fito ba. Matar da ke ciyar da rabin unguwa! Kuma wai ni zan fassara wannan da Hausa a buga a ƙarƙashin Turancin, don 'yan unguwa su ji an yi da su. Ni ne kuma zan shaida cewa ta amince, tunda ai ranar Talata ta amince a ɗauke ta.

Na ce wa Madam wannan ƙarya ce. Ta ce ba ƙarya ba ce, taƙaitawa ce, domin a can mutum kallo ɗaya yake wa hoto ya jefa a shara in bai taɓa shi ba. Ta ce rijiya ta biyu, wadda ake son yi wa masu sana'ar fata, a kan kalandar nan take rataye. Ta ƙara da cewa ai kalanda ce kawai, shekara na ƙarewa an manta. A nan na tabbata ba ta san mu ba. Bahaushe ba ya yar da kalanda mai hoto. 'Yan ci-rani za su naɗe ta su hau motar tumatir da ita a matsayin tsaraba, a kafa ta a shagon aski da rumfar mai shayi, ta yi shekara da shekaru a bango, kwanakin sun wuce hoton yana nan. Wata rana sai ta isa Gumel, gaban yayanta da ya rantse Ikko sai ta tozarta ta, gaban surukan 'yarta. Kanta a buɗe fa, Anti. Matar da ko ni ban taɓa ganin gashinta ba.

Tun ranar ban ƙara taka rumfarta ba. In zan fita sai in hau okada in zagaya ta Pen Cinema don kada mu haɗu. Shekaranjiya ta aiko a tambaye ni ko lafiya, wai kuma yaushe ogata za ta ba da hotonta na leshi, tana so ta sa shi a gilashi ta rataye a ɗaki. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yi tunanin in ɗauke fim ɗin in ce ya faɗi a motar haya ta danfo. Na yi tunanin in rubuta wata magana daban a Hausar, tunda Madam ba ta ji. Na yi tunanin in ajiye aikin, amma ni ke riƙe da mahaifiyata da ƙannena, kuma kin san yadda neman aiki yake a Legas. Ina ƙyamar ofishin nan, ina ƙyamar mutanen da tausayinsu ba ya motsi sai sun ga ɗan'adam a wulaƙance, na kuma fi ƙyamar kaina da na zama mai cewa a sake tafi. Yaya zan yi?

Naki,
Ɗan Zango, Agege

Ɗan Zango,

Na tsallake layi da wasiƙarka kamar yadda ka roƙa. Ƙyamar da kake ji tana da tushe, amma ƙyama kaɗai ba ta tsayar da injin ɗab'i, don haka mu duba abin yi.

Zan fara da wanda ba za ka so ji ba. Madam ɗinka ba shaiɗaniya ba ce. Ruwan da ka yaba, da roƙo irin wannan aka samo shi, kuma masu fata ma suna buƙatar nasu. Wanda ya ba da abinsa yana da haƙƙin ya ga inda ya tafi, ko gudummawar masallacin unguwa ce. Saboda haka kada ka shiga ofis da zagi. Sai dai buƙatar rijiya ba ta halatta ƙarya ba, ba ta kuma halatta a laɓe a ɗauki dattijuwa kanta a buɗe ba. Abin da gwaggonka ta amince da shi hoton leshi ne. In ka shaida cewa ta amince da na kwalbati, shaidar zur ka yi, ko da wane suna ake kiranta a ofishinku.

Dabarun nan naka ka watsar da su. Ka ɓatar da fim, ka mai da kanka ɓarawo alhali kai ke da gaskiya. Ka canza fassara, ƙarya ta zama biyu, hoton kuma yana nan yadda yake. Ka ajiye aiki, su ɗauko wanda bai taɓa cin tuwonta ba ya sa musu hannu ko ɗar bai ji ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. A duk tsawon wasiƙarka Madam ta yi magana, kai ka yi, har mai kuka a ofis ta faɗi nata. Mutum ɗaya ce ba a tambaya ba. Madam ta yanke mata cewa yunwa take ji, kai kuma ka yanke mata cewa ba za ta iya ɗaukar labarin ba, kana ta zagaye ta Pen Cinema. Matar da ta bijire wa yayyenta ta tsaya da ƙafarta a tsakiyar mahauta ba raguwa ba ce. Fuskarta ce, ita ke da ta cewa.

Ka sami Madam cikin ladabi ka gaya mata ba za ka shaida komai ba sai Gwaggo ta ga hoton ta ji abin da aka rubuta. Ka kuma tuna mata ranar rabon kalanda, a gaban baƙinta, mahauta da 'yan dako su buɗe su ga uwarsu a haka. Ƙungiyar da take cin abinci da sunanta ba za ta so wannan ranar ba. Faɗin haka ba barazana ba ce, ainihin aikin da aka ɗauke ka ka yi ke nan. Kada kuma ka je hannu rabbana. Ka kai mata madadi: Gwaggo da mayafinta a bakin tukunya, ga ruwan famfonsu a bokiti, ga layin masu ci, a rubuta gaskiya cewa ruwan da aka ba mace ɗaya ga yawan bakin da ya kai. Masu bayarwa ma suna gajiya da hawaye, wani lokaci so suke su ga abinsu ya yi amfani.

Ba zan yi maka alkawarin za ta saurare ka ba. Tana iya nacewa, kana iya rasa aikin, kuma na san nauyin da ke kanka ba ƙarami ba ne. In ta kai ga haka, ka ƙi sa hannu, ka bar su su sallame ka da kansu su faɗi dalili. Aiki ana sake samu, da wahala amma ana samu. Kalandar kuwa kai da bakinka ka ce ba ta sauka daga bango.

Amma kafin ka ga Madam, ka ga Gwaggo. Ka sa a wanke mata hoton leshinta babba, a sa a gilashi, haƙƙinta ne. Ka riƙe ɗayan, na bakin kwalbatin, a aljihu. Ka karanta mata rubutun kalma bayan kalma, ban da sassautawa. In ta ce za ta ba da fuskarta don masu fata su sami ruwa, sadakarta ce, sai ku nemi hoton da kanta ke rufe a kuma cire ƙaryar. In ta ce a'a, magana ta ƙare, kai ne bakinta a ofis.

Kuma ka je da yunwarka. Ka zauna a bencinta, ka bari ta zuba maka tana yi maka faɗan ɓacewar da ka yi, ka cinye tas, sannan ka fito da takardar da aka rubuta wai ba ta san inda abincin gobe zai fito ba. In ka wanke hannu ka ji har yanzu za ka iya fassara wannan layin, to ba shawarata kake buƙata ba.

Allah ya rufa mata asiri yadda ta rufa wa bayinsa, kai kuma ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tsare maka abincinka.

Anti Rahamatu