Na Mayar da Ja Kore Saboda Kunyar Surukina

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni saurayi ne a Tamale, na karanta injiniya. Aikina gwada ƙarfe a kwamfuta kafin a taɓa shi: in zana bututu, manhaja ta juya shi kamar yadda inji ke juyawa, ta nuna inda kaurinsa zai ragu. Kore lafiya, ja hatsari.

Mahaifin yarinyar da zan aura yana da shagon ƙarfe a Tishigu, tun kafin a haife ni yake juya bututu a inji yana tsuke masa wuya. Wata ƙungiyar mata masu turara shinkafa a Nyohini ta ba shi aikin bututun tukunyar tururinsu. Ya ƙirƙiro wata dabara ta tsuke wuyan a juyi ɗaya maimakon a hankali, kuma yana ji da ita sosai. Ran nan na je gaishe shi, abokansa cike da benci, sai ya ce, "Yaro na, kawo kompita naka, ya duba aiki na, mutane su gani."

Na durƙusa a gefe na shigar da awon. Wallahi wuyan bututun nan ja ya fito, jawur! Ma'ana ƙarfen ya yi sirantar da in tururi ya matsa shi zai iya tsagewa. Na ɗaga kai, dattawa duk sun zuba min ido, shi kuma yana murmushi. Ni da ko sunansa ba na iya kamawa, ta yaya zan ce masa aikinsa bai yi ba a gaban sa'o'insa? Da wane bakin? Sai hannuna ya tafi wajen ma'aunin launi, na ja shi sama har jan ya koma kore, sannan na juya masa fuskar kwamfutar.

"Ya ce mene?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Na yi wa kaina alkawarin zan same shi shi kaɗai in warware. Na je, na tarar da baƙi. Na koma, ya sa aka kawo min koko da ƙosai, yana ta sa min albarka, na sha na taso kamar wawa. Tun ranar ba ni da zama. In hau babur in yi unguwar Kalpohin, in dawo, ban san abin da na je yi ba. Ko buta na ji tana huci a kan wuta sai in tuna da bututun nan.

Jiya ne abin ya ƙarasa ni. Al'adarsa, duk bututun da ya gama sai ya cika shi da ruwa ya matsa da famfo ya ga ko zai yi yoyo. Na tambaye shi yaushe za a yi gwajin ruwan, don a raina shi ne zai tona matsalar ba sai na yi magana ba. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Wane ruwa kuma? Suruki na ya auna da kompita. Ni na yarda da kai."

Jama'a, ranar Asabar za a ɗaura bututun. Matan nan a tsaye suke aiki dab da tukunya, wasu da goyo a baya. In na faɗa masa, na kunyata shi a idon abokansa, kuma ya gane mai neman 'yarsa ya kalli idonsa ya yi masa ƙarya. Ina son yarinyar nan, ina tsoron rasa ta. In na yi shiru, gwajin da ya bari saboda ni, a jikin matan nan za a yi shi.

Na san dole in yi magana, ta inda zan fara ne ban sani ba. Me zan yi?