Marin Yaya Sada

Ibadan, daren Laraba, ƙarshen damina

Shekara uku ke nan rabona da Runka. Yau na duba mai taɓin hankalin da muke gwada sabon magani a kansa. Ya daina duka, ya ci abinci, har ya gaishe ni. Farfesa ya yaba, kuma da gaskiyarsa. Amma da mutumin ya miƙe, sai ya riƙa jan ƙafa, daidai yadda Yaya Sada yake tafiya da mari a bayan rumbunmu. Babu ƙarfe a ƙafar mutumin nan, ni kuwa har yanzu ƙarar ƙarfe nake ji.

Ana ta zancen ƙasa ta sami kuɗin fetur, mu a gida maƙerin mari ne likitanmu.

Jiya Alhaji Bature mai fataucin shanu ya kawo saƙon Inna: "Ta ce in maganin naka yana kwance mari, ka aiko. In ba ya yi, ka dawo, gona na nan."

Na ce yana kwancewa. Ban faɗa masa sauran ba.

Gobe zai koma. Kwalba biyu na maganin kawai na iya tarawa. Ga su kan tebur, ban naɗe su ba.